Mai Gilashi a Kujerar Baya

Shekara talatin da ɗaya Mai Gilashi ya yi yana tuƙa motar wani kamfani mai yanka gilashin tagogi da ƙofofi, kuma duk tsawon shekarun nan falle biyu kacal suka fashe a hannunsa. In ka zauna da shi minti goma zai gaya maka ɗayan ma ba laifinsa ba ne, tun daga wurin yanka ya zo da tsaga. Sunansa na ainihi sai dai a takardar lasin. Hatta jikokinsa Kaka Mai Gilashi suke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a.

Aikin ya bi jikinsa har ya yi ritaya bai sake shi ba. Ba a ajiye kofi a bakin tebur a gabansa; zai katse hira ya tashi ya matsar da shi tsakiya. A hanya kuwa masu keke sun sha wuce shi suna waiwaye, ko a jikinsa. Dokarsa ta ɗaukar kaya ba ta da yawa: duk abin da ya motsa a bayan mota fashewa zai yi. Don haka a ɗaure shi tamau, a cusa soso a duk wata kafa, kuma in an tashi kada a yi ta tsaye-tsaye a hanya, domin kowane birki da kowane tashi wata dama ce ta ɓarna.

Matarsa ta rasu 'yarsa Auta na da shekara tara. Yayyenta maza biyu sun riga sun kama gabansu, sai gidan ya rage daga shi sai ita. Ya koyi dafa abinci, ya gwada kitso sau ɗaya yarinyar ta kwana biyu ba ta iya juya wuya ba, daga nan ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta karɓe wannan fannin. Sauran duka shi ya riƙe. Shi ke kai ta makaranta, shi ke ɗauko ta, har ta gama karatun gwajin jini ba ta taɓa shiga motar da ba shi ke tuƙi ba sai da ya yi mita. Yana sonta, kuma son nan rabinsa tsoro ne, ya san haka, bai dai taɓa faɗa ba.

Lasin ɗinta ya shekara uku a jaka. A ɓoye ta koyi tuƙi, da ɗaurin gindin Gwaggo. Da ya gano bai yi faɗa ba, sai ya ce to, ta nuna masa. Tun daga ranar iyakarta ƙarshen layinsu ta juyo, shi yana gefe hannunsa a kan birkin hannu.

Sai ga Auta ta samu aiki a wani asibiti mai tafiyar awa shida. Gidan da aka ba ta yana can ƙarshen gari, nesa da asibitin. Da can baya, lokacin da abin yake da nisa, ya taɓa cika baki a gaban Gwaggo cewa ranar da Auta ta samu aiki ƙaramar motarsa ta zama tata. Yanzu da ranar ta zo sai magana ta fara lanƙwasa.

"Zan kai ki da kaina," in ji shi, "in dawo da motar tukuna. Sai kin san gari."

Auta ta ci gaba da haɗa kayanta. Ta san "sai kin san gari" ba shi da rana, kuma ta san in motar ta dawo gida ba za ta ƙara fita ba.

A maimakon mota sai ya samo mata maigadi. Wani tsohon abokin aikinsa ne karyarsa ta haihu, ya je ya zaɓo ɗan kwikwiyo mai ruwan ƙasa, mai manyan kunnuwa, tsawonsa bai wuce takalminsa ba. Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, wannan ne zai tsare mana ita? Ai kaza ma in ta haɗe rai sai ya ba ta hanya."

"Zai girma," ya ce. "Ni ba son karnuka nake yi ba. Aiki na ɗauke shi."

Aka sa masa suna Maigadi. Kwana goma ya yi a bayan gida kafin tafiya, kuma mutumin da ba ya son karnuka shi ke tashi da safe ya dama masa abinci, ya tsuguna yana yi masa bayanin aikin da ke gabansa.

Auta ce ta kai shi wurin likitan dabbobi aka yi masa allura, ta dawo da keji mai ƙofar waya da jerin shawarwari. Ranar tafiya da safe, tana fitowa da jakarta ta ƙarshe, ta tarar Baba ya gama lodi. Lodi kuwa ya yi kyau, ko allura ba za ta samu wurin shiga ba.

"Baba, ina kejin?"

"Yana ƙasa. Abu mai ƙarfi haka, kofunanki da farantanki na jera a ciki."

"To Maigadi fa?"

Ya buɗe but ya nuna mata da alfahari. Kwali ne, an shimfiɗa soso a ƙasa da gefuna huɗu, an huda ƙofofi biyu a murfi, an ɗaure da igiya tsakanin akwati da buhun littattafai.

"Baba, likita ya ce a sa shi a keji a kujerar baya, a ɗaure kejin da bel. Ya ce kada a cika masa ciki kafin a tashi, kuma a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa."

"Na riga na ciyar da shi ya ƙoshi. Wa ke tafiyar awa shida da yunwa? Likitan nan naki kaya nawa ya taɓa ɗauka?"

Ta rufe but ɗin. Yau ba ranar jayayya ba ce, akwai babbar magana a gaba da take tattalin ƙarfinta dominta. Gwaggo ta yi musu addu'a a bakin ƙofa, suka kama hanya.

Tun kafin su fita layi kuka ya fara tasowa daga baya, siriri, ba hutawa. Mai Gilashi ya ce zai saba. Suka wuce kasuwa, suka wuce gidan mai na ƙarshe, gidaje suka fara ja baya, rana ta fara zafi. Can sai kukan ya tsaya.

"Kin ji ko? Ya saba."

Bai yi minti biyu da faɗin haka ba ya ji shirun ya dame shi. Kunnensa ya saba da sauraron bayan mota, kuma wannan shirun bai yi masa kama da na barci ba. Ya kunna sigina ya gangara gindin wata bishiya.

Da ya kwance igiya ya ɗaga murfin, wani zafi ya bugi fuskarsa. Maigadi na kwance cikin amansa, harshe a waje, cikinsa na sama da ƙasa da sauri. Ya ɗago ido ya ga mai ba shi abinci, ya yi ƙoƙarin kaɗa wutsiya.

Mai Gilashi ya sunkuya. Ya ɗauko shi da hannu biyu, bai damu da rigarsa ba, ya kai shi inuwa. Auta ta jiƙa tsumma tana goga masa a ciki da tafin ƙafa, ta zuba ruwa a murfin gora tana ba shi kaɗan-kaɗan. Ba ta ce "ai na faɗa" ba, shi kuwa da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Sun kai rabin awa a wurin kafin numfashin ya daidaita, ɗan kwikwiyon ya miƙe yana shinshina ciyawa.

"Na ɗaure shi da kyau," Mai Gilashi ya ce a hankali, kamar mai ba da bahasi. "Ko motsi bai yi ba."

"Shi ya sa, Baba."

Da hannunsa ya warware lodin da ya ɓata safiya yana yi. Kofuna suka koma cikin zannuwa, keji ya hau kujerar baya, aka shimfiɗa tsohon tawul a ciki, aka zura bel ta hannun kejin aka ɗaure. Aka sauke gilashin taga kaɗan don iska. Auta ta koma baya kusa da shi, suka tashi.

Kuka ya dawo. Ta yi masa magana, ta zura yatsu ta cikin waya, ta yi masa 'yar waƙa, duk a banza. Maigadi ya manna hanci a ƙofar keji yana kallon ƙeyar direba yana kiran sa. Kowane kuka sai Mai Gilashi ya ɗaga ido ya duba madubi. Daga baya ya kasa daurewa, ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya miƙa baya. Hanci mai sanyi ya taɓa yatsunsa, kuka ya tsaya cak. A daidai lokacin motar ta karkata, taya ta sauka daga kwalta ta kwashi tsakuwa, wata babbar mota ta wuce su tana danna hon.

Ba abin da ya faru. Ya dawo da ita kan hanya, ya sami wuri mai faɗi ya tsaya, ya kashe injin. Amma a rayuwarsa bai taɓa tuƙi da ido a baya ba, kuma yau ya yi da 'yarsa a cikin mota. Lissafin ba shi da wuya: ɗan kwikwiyon ba zai yi shiru ba sai da shi a kusa, shi kuma ba zai iya zama a wuri biyu ba.

Ya zare makulli ya miƙa baya ba tare da ya juyo ba.

"Kada ki wuce sittin."

"To, Baba."

Haka Mai Gilashi ya zauna a kujerar baya, gwiwoyinsa sun tokare da kujerar gaba, yatsu biyu a cikin keji. Awa ta farko bakinsa bai huta ba. Ga rami can. Rage. Bar shi ya wuce. Sau uku yana cewa "ga rami" bayan ta riga ta kauce masa. Daga nan maganar ta fara raguwa, don ya lura tana duba madubi kafin ta taka birki, tana barin tazara tsakaninta da na gaba, kuma in za ta tsaya tana sassauta ƙafa a ƙarshe yadda mota ba za ta yi tsalle ba. Wannan ba a makarantar tuƙi ta koya ba. Shekara da shekaru tana gefensa tana kallo, shi bai sani ba.

Duk bayan awa ɗaya da 'yan mintuna suna tsayawa. Shi da kansa ke tuna mata. Sai ya sa wa Maigadi igiya a wuya kafin a buɗe ƙofa, ya zagaya da shi nesa da kwalta, ya ba shi ruwa. Da suka tsaya cin abinci ya ƙi shiga ciki, ya ce ba za a bar yaro a mota a rufe cikin wannan rana ba; aka kawo masa nasa waje. Auta ta ji "yaro" ɗin, ta kau da kai tana murmushi. Bayan nan hanya ta miƙe, Maigadi ya yi barci da haɓarsa a kan yatsun Baba, Baba ma kansa ya fara rinjaya. Ta hango shi a madubi, ta rage rediyo.

Da la'asar suka isa. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan fili a baya. Ya duba sakata, ya gwada famfo, ya nuna inda za a ajiye kejin a inuwa. Da aka gama sauke kaya Auta ta zo ta miƙa masa makulli da hannu biyu, kamar yadda ta saba in ta dawo daga ƙarshen layi. Maganar motar da ta shirya tun safe ta haƙura da ita.

Ya dubi makullin, bai karɓa ba.

"Garin nan suna da tasha ko?"

"Baba..."

"Ki kai ni kafin motar yamma ta cika. Gwaggonki na jira ta ji labari."

Ta kai shi, Maigadi na cikin kejinsa a kujerar baya. A tasha ya samu kujera kusa da taga, ya ajiye hularsa a kai, ya fito su yi sallama. Yana da abubuwa da yawa a baki, na man inji da na iskar taya da na tuƙi cikin ruwan sama. Ya leƙa baya ya shafa kan Maigadi ta cikin waya, ya ce a riƙa jiƙa masa abinci don haƙoransa ba su yi ƙwari ba. Sannan ya dubi 'yarsa.

"Kin iya, Auta. Allah ya tsare."

Ta share ido da bayan hannu ta tayar da mota. Tashar a cike take, masu kaya da masu babur kowa na kutsawa, kuma dole ta yi baya kafin ta samu hanyar fita. Ya tsaya yana kallo, tsoro da alfahari sun cika masa ƙirji har ya rasa wanne ya fi yawa. Ta yi baya a hankali, ta jira wani mai kura ya wuce, ta kunna sigina, ta hau titi. Sai da motar ta sha kwana ya lura ƙafarsa ta dama na danne da ƙasa da ƙarfi, yana taka birkin da babu. Ya ɗage ta, ya shiga motar haya ya zauna.