Bodil Kragelund da mutum ɗaya da ya ɓace a jadawali

Ƙarfe bakwai da rabi Bodil Kragelund take jingine kekenta a ƙofar ofishin ƙaramar hukuma, ko ruwa ake yi ko ƙanƙara. Ta rataye rigar ruwa, ta ɗora kofi, ta fiƙe fensirinta, sannan ta kunna kwamfuta. Shekara ashirin da shida tana haka a sashenmu na kula da tsofaffi a gidajensu. Juma'ar da ta wuce ta yi ritaya.

Sunayen tsofaffin suna zuwa mana ne a dogon jadawali. Mukan ƙara masa layi guda na tsaye mai sharaɗi: wanda yake zaune shi kaɗai a duba shi kullum, mai abokin zama kuwa mako-mako. Daga nan sai a juya jadawalin, abin da ke kwance ya koma tsaye, domin kowace mai ziyara ta ga gidajen da za ta shiga. Duk ranar da sharaɗin ya rikice ko juyin ya ƙi, teburin Bodil ake nufa. Ba ta taɓa ce wa kowa ya dawo anjima ba.

Tana da wata ɗabi'a da muke mata dariya a kai. Kafin ta juya jadawali sai ta rubuta yawan mutanen da fensir, bayan ta juya ta sake ƙirgawa.

"Bodil, kwamfuta fa ta iya lissafi," nake ce mata.

"Ta iya mana, Torben. Sai dai ba ta san kowa ba."

Shekara shida da suka wuce ni na sake rubuta sharaɗin, ina ta jin kaina. Wata Litinin Bodil ta tare ni da 'yar takardarta: mutum ɗari shida da sha biyu suka shiga, ɗari shida da sha ɗaya suka fito.

"Haba, ɗaya ne fa! Masu ziyara suna jira, ki saki jadawalin nan."

"Ɗayan nan da sunansa. Ja kujera."

Ban zauna ba, na tafi shan kofi ina gunaguni. Ita ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ta gano Aksel Munk, mai shekara tamanin da bakwai. Matarsa ta rasu, aka goge sunanta, aka bar gurbin abokin zama ba komai. Sharaɗina ya san "e", ya san "a'a", amma bai san gurbin da babu komai ba, don haka wajen juyi aka zubar da mutumin. Bodil ta buga wa mai ziyara waya nan take. Mai ziyara ta same shi a ƙasa a ɗakin girki, tun jiya ya faɗi ya kasa tashi. Ya rayu shekara uku bayan haka.

Ita ta gyara sharaɗin. Amma a taron sashe ni shugabarmu ta yaba wa, tunda sunana ne a kansa. Na dubi Bodil, tana fiƙe fensir. Na yi shiru. Wallahi shirun nan bai daina cina ba.

Ranar Juma'a ita ta kawo kek ɗin bankwana, kamar yadda aka saba. Aka yi jawabi na minti uku, aka ba ta furanni. Na shirya magana, amma da ta zo gabana sai ta riga ni. Ta miƙo mini guntun fensirinta.

"Riƙe, sarkin sauri. Ka ƙirga kafin, ka ƙirga bayan."

Bodil, ke ce mai neman wanda ya ɓace tun kafin kowa ya san ya ɓace. Ke kika ceci Aksel, ni na kusa kashe shi, kuma na karɓi yabonki ina kallonki. Ki yafe mini. Na gode, a madadina da duk tsofaffin da ba su taɓa jin sunanki ba.

Ku masu irin aikinmu, ku yi koyi da ita, kuma ku gode wa taku Bodil ɗin tun tana kan kujerarta. Yau da safe na ƙirga da fensirinta: ɗari bakwai da huɗu suka shiga, ɗari bakwai da huɗu suka fito. Na juya in gaya mata, na tarar da teburinta ba kowa.