Furannin da na kai wa Yaya Matameye

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Damagaram a motar haya, ni da wayata cike da hotunan furanni. Yayata tana sayar da man gyaɗa a Matameye, shi ke riƙe gidan tunda mijinta ya tafi ci-rani Kano. Shafinta na intanet kuwa kunya yake ba ni: rubutu tsura da hoton jarka. Na yi niyyar share shi, in zuba wardi da farin wata, in rubuta cewa man nata na narkar da zuciyar masoyi.

Hanya ba ta yi kama da hotunana ba. Gero ya tsaya iya gwiwa, ya yi fari. A shingen sojoji aka duba katinmu, wani tsoho ya ce da ana duba hadari haka da tuni an kamo shi. Na sayi ƙosai, ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma.

Kusa da ni wata Hajiya mai abincin biki ta rungume jarkoki. Ta ba ni labarin yadda kwanan baya ta bi wani shafi mai ruwan zinariya har wani gari, ta tarar da shago a kulle, biki kuma ya matso. Wannan karon, in ji ta, wurin wata mata za ta wadda ba ta iya ado ba. Ta miƙo min waya. Shafin Yaya ne.

«Karanta nan, 'yata,» ta ce. Na karanta: bana gyaɗa ta yi ƙaranci, ba na gauraya da man kanti, ran da ya ƙare zan rubuta ya ƙare, a kira kafin a hau mota. Layin da na fi ƙi ke nan. Ƙirjina ya cika kamar an yabi masoyina a gaban jama'a.

Sai dai shafin bai faɗi inda gidan yake ba. Ni na ja Hajiya daga tasha, ta bayan masu rake, har ƙofa. Yaya ta cika mata jarkoki, sannan ta dube ni: «To, marubuciya, ina furannin?»

Na ce su jira ruwa ya sauka. Na ɗauki hoton ƙofar gidan, na rubuta kwatance, ban share harafi ɗaya ba.

Da la'asar na dawo gida ina ƙamshin ƙuli-ƙuli. Na gano ado ido kawai yake kira, gaskiyar Yaya ce ta hau da Hajiya mota. Wardin yana nan a fuskar wayata, ni kaɗai yake burgewa.