Zahari Mechkov da Kwanaki Arba'in da Biyu na Dutsen Studenets

Haihuwa da karatu

An haifi Zahari Mechkov ranar 9 ga Maris, 1938, a garin Samokov na ƙasar Bulgeriya. Mahaifinsa Stoyko maƙeri ne, mahaifiyarsa Nevena kuwa masaƙiya. Ya yi firamare a garinsu, sannan ya wuce makarantar koyon aikin lantarki a Sofiya, inda malamansa suka shaide shi da tsanaki da ƙarancin magana. Bayan ya sauke wajibcin aikin soja, wata cibiyar binciken iska ta ɗauke shi aiki.

Aiki a kan dutse

A shekarar 1963 cibiyar ta tura shi tasharta da ke ƙololuwar dutsen Studenets, tafiyar awa bakwai a kan alfadari daga ƙauye mafi kusa. Hikimar gina tashar a can ita ce babu hayaƙin kowa a kusa, saboda haka duk ƙazantar da aka kama a iskar wurin, daga nesa ta taso. Aikin Zahari shi ne kullum ƙarfe takwas na safe ya cire farar takardar da ke tace iska a bakin bututu, ya sa sabuwa, ya rufe tsohuwar a ambulan, ya rubuta a littafi inda iska ta fito da duk abin da ya faru a ranar. Darajar tashar duka tana cikin amincin wannan littafi. Dokar wurin ta hana kunna wuta a waje, kuma ya kiyaye ta har ya bar shan taba.

Aure da iyali

Ya auri Sevda Pirinska a watan Mayu na 1966, Allah ya ba su 'ya'ya uku. Da yake lokacin kaka ba ya samunsa a gida, kuma babu gidan da ke shiga hunturu ba tare da gasasshen tattasai a kwalabe ba, Sevda ta ɗauki al'adar lodo wa alfadari buhunan tattasai washegarin Sallar Gicciye, bikin Kirista na tsakiyar Satumba, ta hau wurinsa. Kwana uku take yi tana gashi a kan faifan ƙarfe a bayan ɗakin ajiya, shi yana ɓare bawo. Zahari bai taɓa rubuta wannan a littafi ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, shi dai a ganinsa gashin tattasai ba kunna wuta ba ne, aikin gida ne, kamar yadda kowane mutumin Samokov zai gaya maka.

Lambar girma

A shekarar 1981 Farfesa Dragnev na cibiyar ya wallafa bincike cewa duk tsakiyar Satumba hayaƙin masana'antun wasu ƙasashe masu nisa yana isowa dutsen, ya baƙanta takardu kwana uku a jere. Shekarar 1974 kaɗai ta saɓa, ya danganta hakan da sauyin iska. A shekarar ce Sevda ta haihu cikin Satumba, ba ta hau ba. An gayyaci Zahari Sofiya aka rataya masa lambar girma, kuma a kan kujerar taron, yana kallon ranakun a jikin allo, ya gane abin da ya faru: kwanakin gashin Sevda ne.

Da ya gaya wa Sevda, dariya ta yi har da hawaye. Ta ce, "To tsoho, ashe tattasaina ne ya kai ka Sofiya! Ba ni lambar, tawa ce." Shi bai yi dariya ba. Ya hana gashi a dutsen daga wannan shekara, baƙin ya ɓace, Farfesa ya rubuta cewa masana'antun sun gyara halinsu. Zahari ya ja bakinsa ya yi shiru, domin ya ji tsoron kunya, kuma wannan shirun ya fi hayaƙin muni.

Ritaya da tsufa

Ya yi ritaya a 1998 bayan shekara talatin da biyar, ya koma Samokov. Sevda ta rasu a 2004. Bayan shekara biyu, da ya ji wasu ɗalibai suna gina sabon bincike a kan aikin marigayi Dragnev, ya rubuta wa cibiyar wasiƙa, ya jera kwanakin gashin, arba'in da biyu, ɗaya bayan ɗaya, ya roƙi a cire su domin sauran su tsira, ya haɗa da lambar ya aika.

Shugabar tashar ta lokacin, Dakta Vesela Koycheva, ta zo har gida. Ta ce, "Kawu Zahari, na yarda da kai. Amma wanda ya riƙe kwana arba'in da biyu a cikinsa shekara ashirin da biyar, me zan ce wa mutane a kan sauran kwanakinsa?"

Ya ce, "Gaskiyarki, 'yata. Da ni ne ke, abin da zan yi ke nan."

Cibiyar ta jingine littattafansa duka talatin da biyar, ba a sake kafa hujja da ko shafi ɗaya ba. 'Ya'yansa sun shaida cewa abin ya ci shi ƙwarai, amma ba a taɓa jin ya ce an zalunce shi ba.

Rasuwa

Zahari Mechkov ya rasu ranar 2 ga Fabrairu, 2011, yana da shekara saba'in da biyu, bayan gajeriyar jinya ta ciwon huhu. An binne shi a maƙabartar Samokov kusa da matarsa. Ya bar 'ya'ya uku, Stoyko, Iskra da Momchil, da jikoki biyar. Da suka zo buga takardar sanarwar rasuwa da ake mannawa a ƙofar gida da jikin bishiyoyi, Iskra ta so a rubuta shekarun aikinsa a ƙarƙashin hoton. Momchil ya fito da wasiyyar da mahaifinsu ya bari, layi biyu ne da hannunsa, cewa kada a ambaci aikinsa. Aka buga sunansa da ranar haihuwa da ranar rasuwa, aka bar gurbin sana'a babu komai.