Tasi'u Mai Kashe Wuta

Babu sana'ar da Tasi'u bai leƙa ba a Haɗeja, kuma babu wadda ta roƙe shi ya zauna. Ya yi sana'ar su a kogi, ya dawo da zazzaɓi da yagaggiyar koma. Ya noma tattasai a shekarar da kowa ya noma tattasai. Ya gwada kamasho a tasha, sai ga shi muryarsa ba ta kai bakin titi. Inda ya fi daɗewa shi ne garejin Baba Istifanus, wani dattijon bakanike mutumin Filato da ya zo garin tun yana saurayi, wanda ke gane ciwon mota da kunne tun kafin ta gama tsayawa. Shekara huɗu Tasi'u ya yi a can, abin da ya ƙware a kai shi ne riƙe tocila da cewa "haka ne, Oga". Ranar da ya ɗura baƙin mai a mazubin man birki, Baba Istifanus ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗana, je ka nemi abin da ba shi da noti."

Ya kuwa samu. Ƙanin matarsa Barira, mai sayar da kayan waya a Kano, shi ya kawo masa tsarabar wata 'yar baƙar na'ura kamar kwalin ashana. Ana soka ta a wani rami ƙarƙashin sitiyari, sai ta riƙa aika wa waya labarin inji ba tare da igiya ba. Manhajar da Turanci take magana, ga haruffa da lambobi jere, shi kuwa Tasi'u a aji shida suka yi sallama da boko. Amma cikin kwana biyu ya gano abin da ya ishe shi: akwai wani maɓalli mai hoton kwandon shara, in ka danna shi, wutar nan mai ruwan ɗorawa da ke tayar wa direba hankali a gaban mota sai ta mutu nan take.

Ya sayi farar riga irin ta asibiti a gwanjo, ya kafa benci a gindin darbejiyar bakin tasha. In an kawo mota sai ya durƙusa ya soka na'urar, ya ɗaga hannu.

"Shiru. Tana magana."

Direba ya yi tsit. Tasi'u ya girgiza kai, ya ja tsaki, ya karanto lamba biyu da ƙarfi, sannan ya danna. Wuta ta mutu. Ba a kwance noti ba, ba a ɓata hannu ba, ba a ce a je a sayo komai ba. Tsofaffin motocin da ba su da ramin kuwa, ya ce na zamanin jahiliyya ne, ya tura su wurin Baba Istifanus.

Damina ce kakarsa. Da kogi ya cika ya tumbatsa, motoci suka fara iyo a hanyoyin ƙauye, kowace sai ta dawo da wuta a kunne. In wutar ta sake kamawa bayan kwana biyu, amsarsa a shirye take: "Waccan ai a gabanka na kashe ta. Wannan sabuwa ce." Direbobi suka so shi, har da kawo masa kifi. Ba wanda yake son zuwa wurin mutumin da zai ce masa ya ajiye mota kwana uku.

A shekara ta uku ƙungiyar direbobin tashar ta gina rumfa ta bulo da kwano, har da ƙofar ƙarfe, aka ce za a ba mutum ɗaya da zai riƙa duba motoci kafin lodi. Tasi'u, wanda ko yayyafi aka fara sai ya kwashi benci ya fake a shagon mai shayi, ya kasa barci kan rumfar nan. Barira ma ta riga ta gaya wa matan layinsu cewa an kusa ba Baban Ummi ofis.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Bala Ciyaman, ya kira shi ranar Juma'a. "Gobe zan je Kirikasamma, ni ne wakilin ango, sha ɗaya za a ɗaura. Ka duba min mota, ka raka ni. Litinin ka karɓi makulli."

Da safe Tasi'u ya sa farar riga ya yi aikinsa a gaban jama'a, ya bugi bonet ya ce, "Lafiyarta ƙalau, ranka ya daɗe. Ko Makka ce za ta je."

Baba Istifanus, da ya zo wucewa a kan keke, ya sa ƙafa a ƙasa ya karkata kai. "Ciyaman, ban ji fankarka ta tashi ba."

"Baba, zamanin kunne ya wuce," in ji Ciyaman. "Yanzu kwamfuta ce."

"To, Allah ya kai ku lafiya, ku da kwamfutar."

Ciyaman da kansa ya ja motar. Sakataren ƙungiya, Ja'afaru, yana gefensa. Tasi'u yana baya tsakanin huhun goro da kwalin dabino, kuma da gangan ya bar na'urar a soke, domin ya san halin wutarsa. Ko gonakin shinkafar bayan gari ba su wuce ba ta kama. Ya danna, ta mutu.

"Kamar na ga wani abu ya ƙifta," in ji Ciyaman.

"Hasken rana ne, ranka ya daɗe."

Ta sake kamawa, ya sake dannawa. Ja'afaru ya gyara madubin gefensa.

Can gaba ruwa ya cinye titi, dole aka ratse ta fadama. An sassare kacalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa, guntayenta na yawo a sama, motar ta riƙa kwasarsu da hanci. Da suka hau tudu, Tasi'u ya ga wata lamba a kusurwar waya, kusa da hoton ma'aunin zafi irin na asibiti. Ɗari da huɗu. Allurar zafin da ke gaban Ciyaman ta mutu tun kafin motar ta baro Kwatano, saboda haka duk motar shi kaɗai ya gani. Cikin ɗan abin da ya rage masa na firamare akwai wannan: a ɗari ruwa ke tafasa.

Ya danna kwandon shara. Lambar ba ta motsa ba. Ya sake dannawa, ta koma ɗari da sha ɗaya, ta yi ja.

Ya dubi ƙeyar Ciyaman. Saura tafiyar minti ashirin, watakila ta kai. In ta kai, ga rumfa, ga ƙofar ƙarfe, ga Barira na rabon alawa. In ya buɗe baki, shi ne ɗazu ya ce ko Makka. Ɗari da sha bakwai. Abin haushin shi ne, shekara huɗu yana haska tocila a kan injinan da suka buga, ya san warinsu, ya san yadda mai mota ke zama a kan tsohuwar taya ya rasa abin cewa. Warin ne ya fara shigowa ta taga.

"Ranka ya daɗe. A tsaya."

"Fitsari? Riƙe, mun kusa."

"Injin ne. Ya yi zafi. In ba a kashe yanzu ba zai buga."

"Wane injin? Wanda ka ce zai je Makka?"

"Shi."

"To wa ya gaya maka?"

"Wayar."

"Ɗazu fa wa ya gaya maka?"

Ja'afaru ya ce, "Ciyaman, ni ma na fara jin ƙauri."

Ana buɗe bonet tururi ya turnuƙe su. Kacalla da laka sun liƙe lagireto kamar an yaɓe shi, fanka kuwa tana tsaye abinta. Wasu masunta biyu suka tsayar da kwalekwale suna kallo, ɗaya ya ce, "Likita, haihuwa ce?" Tasi'u ya cire farar rigar ya shiga yakice ciyawa da yatsu. Ja'afaru ya kira Baba Istifanus ya sa a lasifika.

"Miƙa wa Injiniyan naku wayar," in ji dattijon. "Tasi'u, kada ka buɗe murfin ruwa sai ya huce. Ka ga wayoyi biyu da suka shiga fanka? Haɗa su kai tsaye da batir. Ja da ja. Na ce ja, ba hannunka na dama ba."

"Haka ne, Oga."

Ƙarfe sha biyu da rabi suka shiga Kirikasamma, an shafa fatiha har an fara wanke kwanuka. Mataimakin Ciyaman, wanda ya daɗe yana hararar kujerarsa, shi ya karɓa wa ango aure, ya tarye su da fara'a yana tambayar ko sun ɓata hanya ne.

Litinin aka zauna a cikin rumfar. Ciyaman bai ko dubi inda Tasi'u yake ba. Wani direban Jahun ne ya fara.

"Ni tambayata ɗaya. Mutumin da ya tsayar da Ciyaman a tsakiyar fadama, ni da na cika fasinja me zai yi min?"

"Da can bai taɓa samun kowa da laifi ba," in ji wani. "Yanzu ya fara gano abu."

"Yau zafi, gobe ya ce birki, jibi ya ce taya."

Baba Istifanus, da aka gayyato don girmamawa, ya miƙe. "Ku ji tsoron Allah. Yaron nan bai iya komai ba, ni shaida ne. Amma da ya yi shiru minti biyar, da injin Ciyaman yana wurin 'yan gwangwan."

"Kun ji ko," in ji direban Jahun. "Har Baba ya fara yabonsa. Bakinsu ɗaya."

Nan Ja'afaru ya yi gyaran murya, ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu. Ya ce shi ma ya aika Kano an kawo masa irin na'urar Tasi'u jiya, kuma ya ga yadda ake aikin ta madubi, ba wani abu ba ne, yatsa ɗaya ne. Ya yi alkawarin ba zai riƙa leƙe-leƙen lambobin da ba a tambaye shi ba. Aka yi tafi, Ciyaman ya miƙa masa makulli.

Da azahar Tasi'u ya shiga gida da bencinsa a ka. Barira na tsince shinkafa a tsakar gida, labari ya riga shi isowa.

"Baban Ummi, shekara uku kana danne-danne suna kawo maka kifi, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Saura minti ashirin ku isa. Wa ya aike ka?"

Ya sauke bencin ya zauna a kai, ya duba faratansa da har yanzu akwai laka a ciki.

"Na danna, Barira. Har sau biyu. Lambar ce ta ƙi goguwa."

"To sai ka kifa wayar mana," in ji ta, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.