Duwatsun Inna Kande

Ko an tashe ni daga barci zan iya faɗin ranar: wata Laraba ce a ƙarshen bazara, zamanin mulkin soja, ranar da na sa aka kwashe duwatsun Inna Kande. Lokacin ina shef-dekip a aikin gyaran hanyoyi a Filinge, wato ni ke riƙe da ma'aikata goma da digoginsu, sama da ni kuma akwai injiniya da aka turo daga Yamai.

Ku yaran yanzu ba ku san tsohuwar unguwar gindin dutse yadda take ba. Lunguna ne ƙanana masu gangara, jaki da kaya da ƙyar yake wucewa. Kowane gida gindin katangarsa dutse ne, dokin ƙofa kuwa sai ka ɗaga ƙafa sosai. Can sama, inda babban lungu ya haɗu da tsauni, akwai jerin duwatsu kwance a karkace, tsayinsu ya kai gwiwa. Gida na farko a ƙasansu shi ne na Inna Kande, tsohuwa 'yar bori. Duk shekara kafin ruwan fari takan yanka baƙar kaza a wurin, kowane gida kuma ya kawo dutse ɗaya ya ɗora. Har gidan liman suna aikowa da nasu a ɓoye.

Umarni ya zo a buɗe lungun don mota ta riƙa hawa. Ƙa'idar aiki ita ce shef-dekip ya zaga wuri, ya ji ta bakin mai unguwa, ya rubuta rahoto, injiniya ya sa hannu, sannan a kafa diga. Na zaga. Mai unguwa ya ce duk yadda hukuma ta gani daidai ne, don a zamanin nan ba wanda ke son a ji sunansa cikin gardama. Inna Kande ce kaɗai ta tare ni da sandarta.

"Ɗana, kar ka taɓa duwatsun ga. Doguwa na kwance nan, ita ka tare muna abin da ka sabkowa."

Ina jin sunan iska na toshe kunne. Ga ƙuruciya, ga takardar lakwal, wato ta makarantar boko, ga ɗan karatun addini da nake ji da shi. Na ce mata, Inna, a ji tsoron Allah, na wuce. Injiniya, in faɗi gaskiya, ya tambaye ni ko duwatsun na da wani amfani. Na ce masa tsafi ne kawai. A kan maganata ya sa hannu, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Kafin azahar mun kwashe su tas a amalanke, mun cike wani rami da su a bakin kasuwa. Tsohuwar na zaune a dakalinta tana kallo.

Ruwa na uku na daminar ya sauko da la'asar. Ina tsaye a rumfar wani tela na ga jan ruwa yana gangarowa daga tsauni. Ashe a da duwatsun nan ke karkatar da shi ya faɗa kwari bayan gari. Ranar ya samu hanya miƙaƙƙiya, wadda ni na share masa. Ya ci katangar Inna Kande, ya ci ɗakinta da rumbunta, ya taɓa gidajen da ke biye. Maƙwabta suka fito da ita a goye. Ba a rasa rai ba, amma gidan da aka haife ta a ciki ya koma taɓo.

Washegari na je da ma'aikatana, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce, Inna, me ya sa ba ki ce mini maganar ruwa ce ba?

Ta dube ni ta ce, "Na hwaɗi maka, ɗana. Sunan ka ji, ba ka ji sauran ba."

'Yarta ta zo ta tafi da ita garin Tabla. Na yi mata alkawari zan tada ɗakin bayan damina, amma kafin a gama yankan gero aka aiko cewa Inna ta rasu. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau.

Mun zuba ganuwar siminti a gurbin duwatsun, mai kyau, da ma'auni. Ba ta yi damina biyar ba ta tsage, don ba mai kai wa kayan gwamnati dutse, kuma mai tara mutane ta tafi.

To, ku da za ku riƙe diga bayanmu, in kun tarar da abu a tsohon lungu, ko dakali ne ko kututture, ku tambayi aikin da yake yi, ku kuma bari mai amsa ya kai ƙarshen maganarsa. Ni dai duk ƙarshen bazara nakan hau da dutse ɗaya in ɗora a tsagar simintin. Bara na duba, nawa ne kaɗai a wurin.