Mai raki da mai "da sauƙi"

Muna cikin keke napep daga asibiti za mu koma unguwarmu Bolori, sai taya ta faɗa rami. Na ƙwalla ƙara. Maƙwabciyata Ya Falmata dariya ta yi, amma ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni.

Ciwonmu ɗaya, fibromyalgia: jiki duk ya yi tsami, gwaji kuma bai nuna komai ba. Ni in likita ya tambaye ni, jero masa nake yi tun daga wuya har ƙafa. Ita kuwa "da sauƙi" kawai. Har na fara zargin ko yawan tunanina ne ke hura ciwon.

Na ce, "Ya Falmata, ashe kina ji?"

Ta ce, "Kamar ana daka ni a turmi. Amma a gidanmu mace ba ta cewa wayyo. Yau da na ce da sauƙi, rage min magani likita ya yi. Sarauniyar raki, in za mu koma asibiti ki shiga ki yi masa bayani a madadina."

Tun da na dawo na kasa zama saboda tunanin maganarta. Na daɗe ina kunyar rakina, ashe akwai mai neman aronsa.

Ku fa, in an ce "ya jiki?", gaskiya kuke faɗa?