Gonar Gwaggo da Ta Faɗi Daga Jerin Ruwa

Shekarar da na gama makaranta, ƙungiyar manoman rani ta garinmu, kusa da Kura, ta ɗauke ni aiki saboda na iya kwamfuta. Ofishin ɗaki ɗaya ne a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan rani, da fankar da ba ta juyawa sai ta ga dama. Har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ganyen albasa, can zuciyata take komawa.

Aikina fitar da jerin rabon ruwa. Wani injiniya da ya riga ni ya zuba duk gonakin a wani fayil na kwamfuta mai tsarin da ake kira XML, kowace gona da reshenta: mai ita, layin kanal, abin da aka shuka. Ni kuma in rubuta umarni da wani yaren kwamfuta mai suna XSLT, fayil ya koma takardar da mai buɗe ƙofar ruwa zai bi. A lokacin kaina ya yi girma, ba na jin kira. Na koyi tara rassa a bariyabul, wato ka tsinto gonakin da suka cika sharaɗi ka ɗaure su da suna ɗaya, kamar damin dawa. Sharaɗina layi ɗaya ne tak: duk wanda ya zo ya dangwala yatsa a rajistar bana ya shiga dami.

Na manta Gwaggo, yayar mahaifina, tana takaba. Mijinta ya rasu da kaka, ba ta fita ko ƙofar gida, balle ofis. Kafin zuwana, tsohon magatakarda ya san gidajen da aka yi rashi, shi yake sa sunayensu da hannunsa. Gonarta tana can ƙarshen layi, ƙannen mijin sun dasa mata tumatir, kuma da shi za ta ci da marayunta.

Sau biyu ruwa yana zagayowa yana wuce ta. Ƙannen suka zaci layinsu bai zo ba ne. Ran nan dattijon da ke buɗe ƙofar ruwa ya shigo, ya ajiye takardata a gabana.

"Ɗana, wannan na'urar taka ba ta zuwa gaisuwar mutuwa ne?"

Na duba jerin sama da ƙasa, babu Gwaggo. Gumi ya karyo mini. Nan take na so in cusa gonarta a damin nan, kwamfuta ta ƙi, don a XSLT in ka ɗaure bariyabul ya ɗauru ke nan, ba a kwance shi a tsakiyar aiki. Dole na buɗe sabo in haɗa da na farko. Fayil ɗin kuma ba shi da gurbin takaba ko kaɗan. Dattijon ne ya tsaya a kaina yana lissafo mini gidajen masu takaba da ka, ina bugawa kamar ɗan koyo.

Washegari ruwa ya isa gonar, amma fiye da rabin dashen ya riga ya ƙone.

Da ta fita takaba, Gwaggo ta zo ofis da kanta, ɗauke da ɗan kwandon tumatir daga abin da ya tsira.

"An ce kai ka tsaya aka ba ni ruwa. Allah ya yi maka albarka, ɗan ƙanena."

Na buɗe baki in gaya mata ni ne na cire ta tun farko. Sai na ji na ce amin.

Yanzu ina Abuja, a ofis mai sanyi inda ba wanda ya san gonar kowa. Ina kewar hayaniyar manoma a bakin taga, ina kewar tsiyar dattijon nan. Gwaggo ta rasu ina nan, kullum ina cewa sai na je gida da salla zan zauna a tabarmarta in faɗa mata. Ta tafi tana sa mini albarka a kan ruwan da ni na hana ta.